Hular Sanyi a Gidan Madam Suzan

Na yi watanni a Paris ban ga Paris ba. Daga filin jirgi ƙarƙashin ƙasa aka shiga da ni, wannan jirgin ƙasa ya miƙa mu ga wancan, har muka ɓullo a Montreuil, a gefen birnin, ana yayyafi. Maigidana Malam Sanusi yana karatun aikin ruwa a Lyon, amma ɗakin da aka ba shi na ɗalibai ne, ba a yarda iyali su zauna ba. Sai ya kai ni wurin Hajiya Balki, ƴar kasuwa mutuniyar Maraɗi da suka haɗa dangi ta wajen uwa, ya ce in ɗan zauna kafin ya samu gida.

Hajiya ta rungume ni tana ƙamshin turare.

"Marhabin da ɗiyata! Nan gidanku ne. Kawo fasfo ɗin in adana miki, garin nan ɓarayi sun fi tantabaru yawa."

Na miƙa mata da hannu biyu, har ina godiya.

Gidan nata rabi gida ne rabi sito. Kwalayen turare da atamfa da jakunkuna sun kai rufi, suna jiran a aika da su Yamai. A tsakaninsu aka shimfiɗa mini katifa. Ni ke girki, ni ke wanki, ni ke ɗaure kaya, ni ke dafa wa baƙin Hajiya shayi, kuma baƙinta ba sa ƙarewa. In za ta fita sai ta kulle ƙofa ta waje, wai don kada in ɓace. In Malam ya kira, tana tsaye a kaina da murmushi.

"Ce masa kina lafiya, kada ki tayar masa da hankali yana karatu."

Ni kuwa sai in ce ina lafiya. Na bar ɗiyata Nafisa a Damagaram wurin Inna, tana koyon magana. Akwai wata taga a madafa da ke kallon makarantar ƴan yara, sai na daina wanke kwanoni a lokacin tashinsu, don hawaye na hana ni ganin abin da nake wankewa.

Wani tsoho Bamale, mutumin Mali, shi ne ya fitar da ni. Yana gasa masara a bakin gidan kwanan leburori baƙi inda Hajiya ke aikena karɓo nama. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Bambara, faransancinsa kuma gutsi-gutsi ne. Wata rana ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗora mini masara mai zafi a hannu, ya ɗora wayarsa a kai, ya juya baya kamar yana gyara garwashi. Na kira Malam, na faɗa masa gaskiya. Ban taɓa sanin sunan tsohon ba.

Malam ya zo a ƙarshen makon. Hajiya ta jefo fasfo ɗin a kan kwali.

"Butulci dai ba kyau, Sanusi. Ku je. Amma Faransa ce, ɗiyata, za ki dawo. Ƙofata a buɗe take."

A Lyon muka samu ɗaki a unguwar Minguettes, can saman wani dogon bene wanda na'urar hawansa ta fi kwana a lalace. Na yi murna da shi kamar an ba ni gidan gwamna, don mabuɗin yana hannuna. Murnar ba ta daɗe ba. A shekararsa ta ƙarshe aka yanke wa Malam tallafin karatu. Yana fita da asuba sauke kaya a kasuwa, ya wuce makaranta da barci a ido, duk da haka abin bai riƙe mu ba. Hajiya kuma ta ji labari, ta fara kira tana tambayar lafiyata. Ranar nan Malam ya zauna bai iya kallona ba.

"Maman Nafisa, in ba ki samu aiki ba kafin sabuwar shekara, dole mu saki ɗakin nan. Ni in raɓa wurin abokai, ke kuma..."

Bai ƙarasa ba. Na san Montreuil yake nufi.

Na shiga neman aiki. Ina da takardar kolej, faransancina ba laifi. A waya sai a ce in zo, in na zo sai idon mutum ya tsaya a kan hijabina. Wasu su ce an riga an ɗauki wata, masu gaskiyar cikinsu su ce in zan cire to bismilla. Ni kuwa tun ina budurwa ban taɓa fita kaina a buɗe ba, ba don wani ya tilasta ni ba.

Maƙwabciyata Fati, ƴar Tawa, ta daɗe a ƙasar kuma bakinta ba ya hutawa. Ita ta ba ni dabara.

"Ke Badamagariya, wayo ake yi! Sayi hular sanyi ta ulu ki ja ta har kunne, ki sa riga mai dogon wuya. Nasara in ya ga hula sai ya ce sanyi kike ji, har ya tausaya miki. Rabinmu haka muke aiki."

"Fati, wannan ba yaudara ba ce?"

"Gashinki ya fito? Bai fito ba. To mala'iku ma sun ga ƙoƙarinki."

Da hular na je ganin Madam Kilodin, wadda ke neman mai kula da tsohuwarta. Mace ce mai kirki a fuska, tana aiki a Paris, ba ta da lokacin ɓatawa. Ta dubi hular, ta gane.

"Zan gwada ki wata ɗaya. A titi ki sa abin da kike so. Amma a cikin gida Mama ba ta son alamar addini. Yanzu lokacin sanyi ne, ba zan yi magana a kan hula ba. In na dawo muka daidaita, kai a buɗe. Kin yarda?"

Na ce zan yi tunani. Ta ce in yi.

Tsohuwar, Madam Suzan, tana zaune a wani tsohon gida a gangaren tudu, tagoginta suna kallon kogi. Ta haura tamanin, ƙugunta ya taɓa karyewa, yatsunta sun lanƙwashe ba ta iya ɓalle maɓalli, amma idonta kamar na shaho. Ba ta da yawan godiya. In shayi ya yi sanyi za ta faɗa, in ya yi daidai sai ta sha kawai. Na lura gidanta babu hoton Annabi Isa, babu na Nana Maryamu, babu ɗan gunki ko ɗaya irin waɗanda na gani a gidajen da na je neman aiki. Littafi ɗaya ne baƙi a gefen gadonta, da wasu waƙoƙi da take rerawa ƙasa-ƙasa da safe. Ni a lokacin Nasara duk ɗaya ne a wurina. Na ɗauka dai tsufa da kaɗaici ne suka raba ta da kayan ibadarta.

Gidan da ɗumi sosai. Ina guga ina zufa a cikin hular ulu, kaina yana ƙaiƙayi, ita kuwa tana kallona.

A farkon watan Disamba akwai wani maraice da mutanen Lyon ke jera ƴan kyandir a cikin ƙananan kofunan gilashi a bakin tagoginsu. Na tambayi Fati, ta ce godiya ce suke yi wa Nana Maryamu. Ranar, tun kafin magariba, na ga tagogin unguwar suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, har gangaren tudun ya koma kamar an zubo taurari. Tagogin Madam kaɗai ne a duhu. Tausayi ya kama ni. Na ce baiwar Allah, hannunta ba ya iya ƙyasta ashana, ɗiyarta tana nesa, kowa yana sallarsa ban da ita. Na yi ta shawara da zuciyata, daga baya na ce ai ba ibadata ba ce, hannunta kawai zan zama, kamar yadda nake miƙa mata magani. Na sauka kanti na sayo, na jera, na kunna tana gyangyaɗi. Sannan na turo kujerarta, ina jin daɗi.

"Madam, dubi."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba.

"Wa ya sa ki? Kashe su. Kashe su duka, yanzu!"

Na bi su ina hurawa. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi. Sai na yi abin da aka koya mini in na ɓata wa babba rai, na durƙusa a gabanta.

"Tashi!" Muryarta ta fi ta farko ƙarfi. "Ba a durƙusa wa mutum a gidan nan. Ɗauko kujera ki zauna."

Na zauna. Ɗakin yana warin hayaƙin kyandir. Tana kallon fitilun maƙwabta ta fara magana.

"Ba ki sani ba, na gane. Kin ɗauka duk abu ɗaya muke. Mu Furotesta ne, Rakiya. Muna girmama Maryamu, amma ba ma roƙonta, ba ma kunna mata wuta. Allah kaɗai muke roƙo. Kin san abin da wannan ƴar maganar ta jawo mana a ƙasar nan?"

Na ce ban sani ba. A kolej an koya mana sarakunan Faransa da fadojinsu, ba a koya mana wannan ba.

Ta ce fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, sarkin Faransa ya ce addini ɗaya za a yi a ƙasarsa, na Katolika. Aka rushe ɗakunan ibadarsu. Aka riƙa saukar da soja a gidan mutum, su ci, su fasa, su hana barci, har sai ya ce ya tuba. Aka riƙa ƙwace ƴaƴa a kai su inda za a canza musu addini. Mutanenta, a duwatsun kudu, suka koma yin ibada a cikin kwazazzabai da kogo. In an kama taro, mai wa'azi a rataye shi, mata a kulle su a hasumiya har tsufa, maza kuma a kai su jiragen ruwan sarki, irin waɗanda mutane ke tuƙawa da ƙarfin hannu.

"Waɗanda aka kamo daga arewa ta garin nan ake bi da su, sarƙa a wuya, ɗaya ɗaure da ɗaya. Ta kogin nan da kike tsallakawa kullum."

Na waiwaya na dubi ruwan. Fitilu suna rawa a kansa.

Ta ce kakan kakanninta masaƙi ne, aka kama shi a irin wannan taro, matarsa tana da ciki. Aka aske shi, aka ba shi jar hula irin ta fursunonin jirgi, aka sa masa mari a ƙafa aka haɗe da katakon da yake zaune a kai. A nan yake tuƙi, a nan yake ci, a nan yake kwana. Kuma a kowace rana ƙofa a buɗe take: ya ce ya bar addininsa, a kwance shi.

"Bai faɗa ba?"

"Jira ki ji. In limamin Katolika ya zo jirgi yin ibada, akwai wurin da kowa zai cire hula. Ɓarayi da masu kisan kai duk suna cirewa, me ya dame su? Namu suka ce ba za su cire ba, don cirewar shaida ce cewa sun yarda. Hula fa, Rakiya. Tsumma ja mai ƙwarƙwata, wadda sarkin da kansa ya ba su."

Ta ce sai a kwantar da mutum tsirara, a kawo igiya mai kauri a yi ta zabga masa har ya suma, a shafa gishiri da ruwan tsami a raunin, a mayar da shi mazauninsa. Ibada ta gaba a sake cewa ya cire.

"Kin san wa ake ba igiyar? Musulmi."

Na ɗago na dube ta.

Ta ce a kowane jirgi akwai bayi Musulmi da aka kamo ko aka sayo, duk ana ce musu Turkawa ko daga ina suke. Su ake sawa a ƙarshen sandar tuƙi, inda aiki ya fi nauyi, su kuma ake tilasta wa dukan, in hannunsu ya yi sanyi a juya a kansu. Musulmin da ke zaune kusa da kakanta shi ya dake shi. Kuma shi ne, in an aike shi gari, yake ɓoyo taimakon da ƴan'uwa ke aikowa a cikin tufafinsa ya kawo musu. Aka kama shi, aka ce ya faɗi wanda ke ba shi. Aka kwantar da shi shi ma. Bai faɗa ba.

"Wani da aka saki daga baya shi ya kawo wa matar labari. Ya ce Baturken yakan ce da kakana ɗan'uwa, wai don ya ga ba ya sunkuya wa gunki. Kakana a kan katakon nan ya mutu, da hularsa."

"Shi Musulmin fa, Madam? Yaya sunansa?"

"Ba wanda ya riƙe. Wannan abin kunyarmu ne."

Ban san ina kuka ba sai da ta miƙo mini hankici da lanƙwasassun yatsunta. Ni da na taso ina jin bauta abu ne da Nasara suka yi wa baƙar fata, ga shi Nasara sun ɗaure Nasara da sarƙa a kan yadda za a roƙi Allah, ga kuma wani mai salla irina a ɗaure a gefensa, ya dake shi da hannun da yake ciyar da shi. Ikon Allah ya fi ƙarfin tunanina. A hanyar gida na tsaya a kan gada, mutane suna ture ni suna dariya suna ɗaukar hoto, ni kuwa ruwan nake kallo, ina jin hular ulu tana cizon goshina.

Madam ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban faɗa mata sharaɗin ɗiyarta ba. Amma daga ranar, duk lokacin da na ja hular nan a bakin ƙofarta sai in ji nauyi. Ba na zargin Fati ko sauran mata, kowa ya san abin da ke bayansa. Ni dai na kasa.

Safiyar da Madam Kilodin za ta zo, bayan sallar asuba na ɗauko hijabina ruwan ƙasa na goge. Malam yana ɗaura takalmi, ya tsaya.

"Maman Nafisa, kin san abin da ke bayan wannan?"

"Na sani, Malam. Montreuil."

Na ga yana son ya roƙe ni, na ga kuma ya kasa.

"Allah Ya sa mu dace," ya ce, ya fita.

Madam Kilodin ce ta buɗe mini ƙofa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi ajiyar zuciya.

"Rakiya, mun yi magana. Aikinki yana da kyau, ban so haka ba."

"Wace magana?" Madam Suzan ta tambaya daga falo.

Muka shiga. Ɗiyar ta yi mata bayani a taƙaice.

"Da sunana kika ce?"

"Mama, ai ba kya so. Sau nawa kika faɗa a kan tebur?"

"Ba na so, har gobe ba na so." Ta juyo gare ni. "Rakiya, abin nan na kanki bai yi mini ba. Ina ganin maza ne suka ɗora muku, kuma launinsa kamar buhun dankali. To kin ji ra'ayina. Za ki cire?"

Na ga kwalayen Hajiya a idona, na ji ƙarar mabuɗinta.

"A'a, Madam."

"Ko aikin zai tafi?"

"Ko zai tafi."

"Wa ya sa ki? Mijinki?"

"Shi da zai so in cire yau ɗin nan, Madam."

Ta yi wata ƴar dariya ta hanci. Madam Kilodin ta ce ita ma tana da dalilinta, ta ce mata irin su sun sha wuya kafin su samu ƴancin kansu a ƙasar nan, ba za ta so a koma baya a cikin gidan uwarta ba. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, kuma na ga har zuciyarta take nufi.

"Kina iya yin gaskiya," in ji tsohuwar. "Ki zauna da ita ki shawo kanta, in kin iya. Shekara goma ma ki yi. Amma ki ce mata cire ko ki rasa abinci? Wannan maganar na san ta, Kilodin. Kin san ta ke ma."

"Kullum kakanmu, kullum jirgi! Mama, ba abu ɗaya ba ne."

"Ba ɗaya ba ne, ba wanda zai dake ta. Amma ni ba za a ba ni igiya in riƙe ba, ko ƙarama ce. Gidana ne. Ita nake so ta yi mini wanka."

Madam Kilodin ta je taga ta tsaya ta ba mu baya. Da ta juyo idonta ya yi ja. Ta ɗauki jakarta, ta sumbaci uwarta a goshi, ta tsaya a gabana.

"Maganin hawan jininta ya kusa ƙarewa. Kada ki bari ta ce miki ta sha alhali ba ta sha ba."

Da ƙofa ta rufe, sai na zauna a kujera ba tare da an ce in zauna ba. Madam Suzan ta harare ni.

"To, zama kika zo yi? Shayina fa?"

Ban koma Montreuil ba. Na yi wa Madam aiki har Malam ya gama karatunsa muka komo gida, kuma har muka rabu ba ta daina kushe hijabina ba, ni ma ban daina sawa ba. A sujada nakan roƙa wa Musulmin jirgin nan gafara, wanda ba a riƙe sunansa ba, in ce Ya Rabbi Kai Ka san shi. Shi kuma mai jar hular, in na zo kansa sai harshena ya tsaya, don ilimina bai kai nan ba. Nakan ce dai, Ya Rabbi, Ka ga abin da aka yi masa, kuma Ka ga bai cire ba.